Barnaba da Ƙofar Ɗaki Mai Taya

A wani gari akwai wani magidanci da ake kira Barnaba, mutum mai hannu ƙwarai. In fitila ta lalace shi ake kai wa, in keke ya ƙi tafiya shi ake nema. Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba: abin da hannunsa ya ajiye, to ya ajiyu, kada wani ya kuskura ya ce masa bai zauna daidai ba.

Wata shekara masu aikin hanya suka gama aikinsu a gefen garin, za su tashi, sai suka sayar da tarkacen da ba za su ɗauka ba. A cikin tarkacen akwai wani ɗaki mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya ta ja shi, matafiyi ya kwana a ciki duk inda ya sauka. Da gado a ciki, da 'yar taga, da ƙofa guda a gefe. Mutane suna wawar bokiti da jarka, Barnaba ya ce shi ɗakin yake so. Ƙofar nan kuwa lafiyarta ƙalau. Da ɗan yatsa za ka tura ta, ka ji ƙyat, harshen sakata ya shige raminsa, ko iska ba ta samun hanya.

To, a bayan gidansa akwai fili shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai tauri, inda ɗakin zai zauna daram. Amma wa zai ga ɗaki a bayan gida? Sai Barnaba ya sa aka turo masa shi ƙofar gida, gindin mangwaro, bakin hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwa da majami'a. Ya tokare gabansa da dutse, ya ja da baya ya duba, ya ce madalla. Kullum da yamma sai ya fito da kujera ya zauna a bakin ƙofar, masu wucewa suna cewa, "Sannu da hutawa, mai ɗaki!" shi kuwa yana ɗaga hannu. Abin da bai kula ba, ko kuma ya kula ya kau da kai, shi ne tayar da ke ɓangaren ƙofa ta sauka daidai inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke kwararowa daga cikin gida.

Matarsa Rifkatu tana cikin zumuntar mata, kuma ita ce mai buga babban tulu in ana waƙa. Tulunan kiɗan zumuntar duka a hannunta ake ajiye su. Wata tsohuwa ce ta gina su, ta daɗe da rasuwa, ba a kuma sake samun mai hannu irin nata a ƙasar ba. Kowane tulu da muryarsa, manya suna gurnani daga ƙasa, ƙanana suna amsawa. In matan garin suka tashi waƙa a taro, tun kafin su buɗe baki ake gane su ne.

Da babban taron zumunta ya gabato, wanda za a yi a wani gari mai nisa, sai hankalin mata ya tashi a kan yadda za a kai tulunan. Bas ɗin da suka samu ko su kansu da ƙyar zai ɗauke su. Mama Tabita, shugabar zumunta, ta zo har gida tana wannan magana da Rifkatu, sai Barnaba ya tsoma baki ba a tambaye shi ba.

"Haba Mama, ina da ɗaki mai taya kuna neman mota? A shimfiɗa ciyawa a jera su a ciki, a rufe ƙofa. Ƙanena Habila ya ɗaura shi a bayan a-kori-kurarsa, shi ke nan. Ko ƙwai aka sa a ɗakin nan zai isa lafiya."

Mama Tabita ta dube shi ta ce, "Ɗana, tulunan nan ba su da na biyu fa."

"Ki bar su a wuyana," in ji Barnaba.

Ba a jima da wannan alkawari ba ƙofa ta fara gardama. Da farko ɗan gogawa take yi a ƙasa. Sai ya zama in ba a sa kafaɗa ba ba ta rufuwa. Can kuma harshen sakata ya daina samun raminsa, ka tura ta dawo, ka tura ta dawo. Barnaba ya yi tsaki, ya ɗauko man keke ya ɗiga wa sakata, ya ɗiga wa hinji, wato ƙarafan da ƙyauren ke juyawa a kansu. Ya maka ƙofar da ƙarfi har mangwaro ya zubo ganye. Ta buɗe a hankali ta tsaya tana kallonsa.

Rifkatu ta fito da tsintsiya a hannu ta ce, "Baban Alheri, ɗakin nan fa ya kwanta gefe guda. Jiya na ajiye lemo a ciki, ya gangaro har bakin ƙofa."

"Lemo ai gangara ce aikinsa. Ni na ajiye ɗakin nan, da idona na duba. Sakata ce ta lalace."

"Tayar can ta nutse a laka."

"Maman Alheri, na taɓa shiga miki madafa na ce gishiri ya yi yawa?"

Ya sha shiga kuwa, amma Rifkatu ta ci gaba da shararta.

Sai ya ɗauko magagari ya hau goge ramin sakata. Ya goge, ya gwada, ya goge, ya gwada, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har ramin ya yi faɗi, harshe ya shiga. Ya ƙwala wa Rifkatu kira ta zo ta gani. Ta gani, ta ce sannu da aiki. Amma ruwan wanke-wanke bai san an yi gyara ba, kullum sai ya bi hanyarsa, taya kuma tana ƙara zama cikin laka. Kafin mako ya zagayo ƙofa ta koma halinta, har ta fi da.

Kai, ran Barnaba ya ɓaci. Ya ce to ba sakata ba ce, hinji ne suka saki. Ya kwance su duka, ya yanko guntun tsohon silifa ya cusa a ƙarƙashin na ƙasa don ƙyauren ya ɗaga. Bai yi ba. Ya cire, ya cusa a ƙarƙashin na sama. Ya fi muni. Ya huda sabbin ramuka, ya matsar da hinjin, noti ɗaya ya faɗa cikin laka, ya durƙusa yana lalube da hannu yana ƙunƙuni. Da ya same shi, a gindin tayar nan ya same shi, ga ta ta nutse har kusan rabi, yana ganinta da idanunsa biyu. Ya goge notin a jikin wandonsa ya miƙe ya koma kan ƙofa. Jama'a, mutum da wayonsa!

Wannan gyara ma ya yi 'yan kwanaki ya watse. Yanzu masu wucewa sun daina cewa sannu da hutawa, sai dai, "Sannu da aiki, har yanzu ƙofar ce?" Wannan tambaya tana ƙona masa rai fiye da ƙofar kanta. Abinci ma in an kawo sai ya huce, yana can yana faɗa da ƙarfe. Ya zagi masu aikin hanya da suka sayar masa da ruɓaɓɓen kaya, ya zagi waɗanda suka ƙera ɗakin tun farko, ya ce ba su san aiki ba. Har yaran unguwa ya zarga, wai su ke lilo da ƙofar in ba ya nan.

Ana nan sai Habila ya biyo da motarsa don ya duba inda zai ɗaura ɗakin ranar tafiya. Ya zagaya shi, ya tsaya daga nesa ya karkata kai.

"Yaya, bari in ɗaura in ja maka shi bayan gida, inda ƙasa take daidai, mu ga abin da ƙofar za ta yi. Ga mota a tsaye, yanzun nan za mu gama."

Barnaba ya san in aka ja ɗakin nan baya, gari duka zai ce ashe tun farko ajiyar ce ba daidai ba, kuma Rifkatu ce ta fara faɗa. Ga kujerarsa ta gindin mangwaro, ga gaisuwar masu wucewa. Sai ya ɗaure fuska.

"Habila, ja na ce ka zo ka yi ranar tafiya, ban ce ka zo ka koya mini aiki ba. Tun kana cikin tsumma nake gyaran ƙofa."

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," in ji Habila, ya shiga motarsa ya tafi.

Da tafiya ta matso, ƙofa kuwa ta ƙi, sai Barnaba ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Ya ɗauko zarto. Ƙyauren na kwano ne mara nauyi, da katako a ciki, irin da ba a samu a kasuwa. Rifkatu ta ga zarto ta saki abin da ke hannunta.

"Baban Alheri, don Allah kada ka yanka. Abin da ka yanke ba ya komawa."

"Inda take gogawa kawai zan rage."

Ya cire ƙyauren ya kwantar a ƙasa, ya yanke kusurwar da ke gogawa. Ya mayar, sai wani gefen ya kama. Ya sake cirewa ya rage can ma. Ya kwance sakatar ɗungurungum ya matsar da ita, ya daidaita harshenta da inda ramin ya koma saboda karkatar ɗakin. Da ya gama, ya tura ƙofar da ɗan yatsa, sai ƙyat! Ya buɗe ya sake turawa, ƙyat! Ya yi ta yi yana dariya shi kaɗai. Ya kira Rifkatu, ya kira maƙwabta, har wani mai wucewa da buhu a ka sai da ya tsayar da shi ya gani.

"To, ina masu cewa a ja ɗaki? Ga ƙofa ta ji magana."

Ranar tafiya da safe mata suka hallara, kowace da anko, ana ta raha. Aka shimfiɗa ciyawa a cikin ɗakin, Rifkatu da kanta ta jera tulunan, babban nata a tsakiya, ta cusa tsummoki a tsakaninsu. Mama Tabita ta yi addu'a. Barnaba ya rufe ƙofa a gaban kowa, ta kama, ya jijjiga ta don a shaida. Habila ya ɗaura ɗakin, maza suka sa kafaɗa, taya ta fito daga laka da ƙyar. Barnaba ya shiga gaba kusa da ƙanensa, suka kama hanya, bas ɗin mata yana biye.

Ku lura da abin da ya faru. Da ɗakin ya hau shimfiɗaɗɗiyar hanya, tayoyinsa suka tsaya daidai, sai jikinsa da ya murɗe a gindin mangwaro ya miƙe, ya koma yadda aka ƙera shi. Bakin ƙofa ya koma daidai. Amma ƙyauren fa? An yanke shi, an matsar da hinjinsa da sakatarsa, an daidaita shi da karkatacce. Harshen sakata ya zame daga raminsa ba wanda ya sani. Suna shan kwanar farko bayan gari, ƙofa ta wangale.

Ƙaramin tulu ne ya fara gangarowa. Matan da ke gaban bas suka gan shi ya faɗo kan kwalta ya tarwatse. Suka sa ihu, direba ya danna ham, hannuwa da gyale suka fito ta kowace taga. To, al'adar matan nan ce in za su taro su tafi da waƙa da guɗa, direba yana taya su da ham. Barnaba ya jiyo hayaniya, ya leƙa ta tagarsa, wadda ba ɓangaren ƙofar take ba, ya ga ana kaɗa gyale. Sai ya fito da hannu ya ɗaga musu, yana murmushi.

"Ka ji su, murna ta hana su zama. Taka mota, Habila, kada su ce mun tsare musu hanya."

Habila ya taka. Hanyar kuwa ga ramuka. Kowane rami da tulunsa, Rifkatu tana kallo ta gilashi, tana kiran sunan mijinta har muryarta ta dushe. Sai da direban bas ya yi kasada ya sha gabansu ya tare hanya, sannan suka tsaya.

Barnaba ya sauko yana shirin faɗa, ya zagayo, ya ga ƙofa a buɗe tana lilo. A ciki babu komai sai ciyawa da tsummoki. Ya waiga, ga gutsattsarin tukwane jajaye a warwatse bisa kwalta har iyakar ganinsa. Hannunsa ya kai ga ƙofar ya tura ta, ta dawo. Ya sake turawa, sai ya ga harshen sakata yana dukan banza, nesa da raminsa, ga kuma giɓi a ƙasa inda ya yanke, wanda hannun mutum zai shige. Bakin ƙofar yana tsaye sak. Nan ya gane ƙofar nan ba ta taɓa yin laifi ba, tun ranar farko gaskiya take faɗa masa.

Mata suka sauko, ba mai guɗa. Waɗansu suna hawaye. Mama Tabita ta dube shi kawai ta girgiza kai, da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Rifkatu ta bi hanya a ƙasa ta koma baya, ta yi nisa, ta sunkuya ta ɗauko wani abu. Da ta dawo sai ga wuyan babban tulunta, shi kaɗai ya rage. Ta kama hannun mijinta ta sa masa a ciki.

"Ga shi, Baban Alheri. Gyara wannan."

Ta juya ta shiga bas. A taron nan, da aka kira matan garinsu, da tafin hannu suka yi waƙa, mutane suna tambayar juna ko su wane ne.

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa, kuma kada kowa ya waiga ya dubi maƙwabcinsa, da kai ake. Ɗakin nan rayuwarka ce. Gindin mangwaro shi ne wurin da ka zaɓa ka tsaya don yana maka daɗi, ko don a gan ka, alhali ƙasar wurin tana cin ka kaɗan kaɗan. Wani fushin da ya riƙe ne ya ƙi saki, wani sha ne, wani wata hulɗa ce da shi kansa ya san ba ta da kyau, wani kuwa girman kai ne tsagwaronsa. Ƙofar ita ce Maganar Allah. An ƙera ta daidai. In ka ji ta fara goge ka, wa'azi ya tsaya maka a rai, addu'a ta ƙi fita, ba Maganar ce ta karkace ba, kai ne.

Amma me muke yi? Abin haushi, sai mu ɗauko magagari. "Ai wannan ba da irinmu ake ba." "Ai zamani ya canza." "Ai Allah ya san zuciyata." Mai wa'azi ya taɓa wurin, mu ce yana da wata manufa, mu koma wata majami'ar. Matarka ta faɗa maka, ka ce ta cika baki. Ɗan'uwanka ya zo da hannu biyu zai taimake ka ka tashi daga wurin, ka tuna masa kai ne babba. Haka za ka yi ta ragewa, kana yanke duk inda ya taɓa ka, har ran da za ka saurari Maganar Allah daga farko zuwa ƙarshe ba ta dame ka ko kaɗan ba. Ranar sai ka ce ka sami salama. Wayyo, ranar ce ya kamata ka fi jin tsoro, gama ba kai ka gyaru ba, abin da zai tsare ka ne ka lalata.

Kuma ba wanda zai zauna gindin mangwaro har abada. Dole wata rana a ja ka zuwa hanya. Ciwo zai zo, ko rashi, ko gwaji, ko ranar da za ka tsaya a gaban Ubangiji inda babu karkata ko kaɗan. Can ne za a ga abin da ka yi wa ƙofarka.

Tuba ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Ka yarda inda ka tsaya ba daidai ba ne, ka bari a ja ka daga wurin, ko da gari duka zai ce ashe matarka ce ke da gaskiya. Kunyar yini ɗaya ce. Barnaba ya guje ta, ku kuma duba wanda ya biya. Tulunan ba nasa ba ne. Abin da ke cikin ɗakinka ma ba naka ba ne kai kaɗai: amanar matarka tana ciki, da bangaskiyar 'ya'yanka, da sunan ikilisiya, da zuciyar wani sabon mai bi da yake kallonka yana koyo. Su suka jera kayansu a bayanka don ka ce su bar su a wuyanka. In Magana tana goge ka yau, ka gode wa Allah har yanzu tana gogawa. Ka ajiye zarton nan, ka tashi daga wurin tun kayan mutane suna ciki.